Kafin Sabon Hatsi Ya Shiga, A Share Rumbu

Yau cikin gida za mu shiga, mu wuce zaure, mu wuce tsakar gida, har ƙuryar ɗaki, har ƙarƙashin gado. Don haka ina sallama. Masu gida da uwayen gida, a ba ni izinin shigowa, kuma in na taka wani a yi haƙuri, ni ma kaina zan taka.

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ta Kwatarkwashi a 'yan kwanakin nan, ko ya nufi Bungudu, ya ga alamar kaka. A inda Allah Ya sa aka samu damar noma, gero ya shiga hannu, dawa ta sunkuyar da kai. To, akwai wani aiki da manomin kirki yake yi kafin damin farko ya iso gida. Zai hau rumbu ya buɗe, ya fito da abin da ya rage na bara. Ya share ciki, ya toshe ramin ɓera, ya yaɓe inda ya tsage, in jinka ta mutu ya sake ta. Ragowar hatsin kuwa, wani a ci, wani a kai kasuwa, wani a miƙa wa ɗan'uwan da nasa ya ƙare tun tsakiyar damina. Ba ka ganin manomi mai hankali ya zuba sabo a kan tsoho, domin ya san in ƙwaro ya kama na bara, na bana ma bai tsira ba.

Tambayata ta yau ita ce: me ya sa muke yi wa rumbu wannan gata kowace shekara, amma ɗakin da muke kwana ciki sai ya shekara goma ana zuba masa, ba a taɓa kwashe masa ba?

Bari mu zagaya tare. Malam, leƙa ɗakinka. Ga rediyon da ya daina magana tun kafin a yaye autanka. Ga janareta a bayan ƙofa, ka ce za ka kai wa mai gyara, yau shekara nawa? Ga tsofaffin wayoyi uku a cikin leda, da cajar da ba ta shiga ko ɗayansu. Ga babur a zaure, tayoyinsa sun kwanta, kaji sun mai da shi wurin kwana. Ga manyan riguna da suka daina shigarka tun da Allah Ya buɗa maka, ga huluna sun yi ƙura a jikin ƙusa. Hajiya, ke ma ba ki tsira ba. Akwatunan lefe suna kan kabad, an jera su har rufi. A ciki akwai atamfar da ba ta taɓa ganin tela ba, da ankon bikin da amaryarsa yanzu take shirin aurar da 'yarta. Ƙarƙashin gado kuloli ne marasa murfi da murafai marasa kula. Ga robobin rabon biki, kowace da hoton ango da amarya, sun fi ƙarfin ɗakin girki. Ga kayan jarirai, alhali an daɗe da rufe wannan babi.

In ka ce a fitar, amsa ɗaya ce a nan Gusau, daga Tudun Wada har Birnin Ruwa: "Bar shi nan, wata rana za ya yi amfani."

Ba zan raina wannan magana ba, don tana da tushe. Hausawa suka ce don gobe ake wanke tukunya. Wanda ya taɓa neman allura da tsakar dare ya rasa, ba ya wasa da ajiya. Ga tsadar kaya: abin da ka saya bara, bana kuɗinsa ya yi gaba ya bar ka. Mutumin da ya tashi cikin rashi, hannunsa ba ya saurin sakin abu, kuma ba laifinsa ba ne.

Iyayenmu mata kuwa, tara kayansu yana da tarihi mai daraja. A da, ƙorai da akusa da faya-fayai ake jera wa amarya. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, ya zarce Ƙaura Namoda, sai kantunan Turawa da na Kwarori suka kafu. Gyaɗa da auduga suna fita, atamfa da fitilu da kwanuka suna shigowa. Sannu a hankali tasa ta samu wuri a ɗakin amarya, langa ta biyo baya, aka zo zamanin kwalla da kumbo da samira, daga baya tangaran da kuloli. Uwa takan fara tara wa 'yarta tun tana goye, da kuɗin ƙuli-ƙuli da na fura da na adashi. Wannan jere ado ne, amma kuma asusu ne. Matar da ba ta da gona, ba ta da akwatin banki, in ciwo ya taso ko kuɗin makaranta, sai ta sauke kwalla biyu ta kira dillaliya, buƙata ta biya ba tare da kowa ya ji ba. In 'yarta ta isa aure, ta rage daga nata ta ƙara mata. Kun ga kayan suna tafiya ke nan, daga hannu zuwa hannu, kamar hatsin rumbu.

Abin da ya canza shi ne, ɗabi'ar tarawa ta zauna, amma kayan sun daina riƙe daraja. Tasar kaka, ko bayan shekara talatin, in aka goge ta da toka za ta yi ƙyalli, kuma a saye ta. Robar yau fa? Shekara biyu a ajiye, ta bushe ta tsage. Atamfa in ta daɗe a ninke, sai asu ya huda ta, ko ta mutu a kan layin ninki. Kujerun da ake yayi bana, baɗi an ce sun zama tsohon yayi. Kira dillaliya ta yi musu kuɗi, ki ji abin da zai sa ki riƙe baki. Ashe abin da muke ɗauka asusu ne, asara ce take tafiya a hankali, ba ta ƙara, shi ya sa ba mu jin ta.

Na ga wannan da idona a gidanmu. Ina da gwaggo a Bungudu, Allah Ya jiƙanta. Mace ce mai tsafta da tattali, ba ta yar da ko zare. Bayan rasuwarta, da aka zo rabon gado, aka buɗe adakarta da akwatunanta a gaban magada. Turamen atamfa na gani-na-faɗa, irin waɗanda yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. Aka ɗaga na farko, sai ya rabu biyu a hannun mai ɗagawa. Na biyu, gara ta bi ta ƙasan adaka ta yi masa zane irin nata. Cikin tulin nan, abin da ya fita lafiya bai taka kara ya karya ba. Wata ƙanwarta da ke zaune a gefe, wadda na san ta yi shekaru tana fama da zane biyu, ta dubi tsummokaran nan ta ce a hankali: "Yaya, da kin ba ni guda na ɗaura, da na yi ta yi miki addu'a kina ji." Ba wanda ya amsa mata. Gwaggo ba marowaciya ba ce, jama'a. Jiran "wata rana" take yi, sai wata ranar daban ta riga ta zuwa.

Tun daga ranar na fahimci wani abu da malamanmu suka daɗe suna faɗa. Muddin kana raye da lafiyarka, kayanka naka ne, ka ba wanda ka ga dama. Da zarar rai ya fita, ko cokali ya zama na magada, har da marayun da ba su san ana yi ba, kuma ba mai ikon ɗaukar rigarka ya yi maka sadaka da ita sai da yardarsu. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, kyautar da ka furta da baki amma ba a karɓe ta ba har ka rasu, ta koma cikin gado. Saboda haka "na ba wance zanen nan, yana cikin akwatina" ba ta isa ba. Ciro shi, ki sa mata a hannu.

Ban da asarar dukiya, shirgi yana da wani haraji da yake karɓa a jikinmu. Tsohuwar taya da gwangwani da fasasshen tulu a bayan ɗaki, ruwan sama kaɗan suke jira su zama gidan sauro. Tulin buhuna da kwalaye masaukin ɓera ne, ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Kunama da maciji ba su son fili, lungu suke nema. Ga hunturu yana tafe, lokacin da ake shiga ɗaki da garwashi, iska kuma tana kaɗawa. Ɗakin da aka cika da katifu da ledoji da tsummoki, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Mu a Zamfara ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan haɗarin abin da ake shigowa da shi cikin gida. A 2010, gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda duwatsun zinariya da ake kawowa tsakar gida ana daka. Tsohon batirin mota da ke jingine a zaurenka, yara suna hawa suna sauka, dalma ce a cikinsa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda shi ya sa na ɗauko wannan batu.

A cikin garin nan na Gusau, da Tsafe, da Bungudu, akwai bayin Allah da ba su zaɓi rabuwa da kayansu ba, raba su aka yi. 'Yan bindiga sun tashe su daga ƙauyukansu, wasu da tsakar dare, wasu tukunya tana kan murhu. Suna nan a kangaye, a gine-ginen da ba a gama ba, a zaurukan dangi. Su ma suna da rumbu a da. Matan nan su ma an yi musu jere, an kai su ɗaki da guɗa. Na taɓa tambayar wata dattijuwa a wani kango me ta samu ta fito da shi. Ta dube ni ta ce: "Ɗana, mi munka ɗauko? Ɗiyanmu munka ɗauko." A gefenta akwai tukunya ɗaya da gida uku suke karɓa-karɓa, da buhun da aka farke ake kwana a kai.

Tsakanin wannan kango da ɗakin da tukwane goma sha biyu suke kife a ƙarƙashin gado, wani lokaci katanga ɗaya ce.

Kun san jakar nan mai layi-layi da muke cusa tarkace a ciki mu cilla saman kabad, wadda ake kira Gana-mas-go. Sunanta ya samo asali ne daga 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙi marasa takardu su bar Nijeriya, mutanen Gana masu ɗimbin yawa suka tattara abin da hannu zai iya ɗauka a cikinta suka kama hanya. Jakar mai gudu ce, wanda duk abin da ya mallaka ya koma ƙunshi ɗaya. Mu kuma mun mai da ita kabarin kayan da muka manta da su. In har za a cika ta, ai gara a cika ta da bargo da rigunan sanyi, a kai wa wanda ya zo garin nan ko ita bai samu ɗauka ba.

Wannan damuwa ta yawan kaya ba mu kaɗai take ci ba. A Japan akwai wata mata, Marie Kondo, da ta yi suna a duniya da koyar da rage kaya. Littafinta ya fito a 2011, aka fassara shi zuwa harsuna da dama. Dabararta ita ce mutum ya ɗauki kowane abu a hannu, ya auna ko yana faranta masa rai. In ba ya yi, ya sallame shi. Dabara ce mai kyau ga mutanen da matsalarsu ƙuncin ɗaki. Amma ma'auninta ya tsaya a zuciyar mai kaya. Mu a nan, akwai maƙwabci a cikin lissafi. Tambayar da ta dace da mu ita ce: tsakanina da wancan, wa wannan abu zai fi yi wa aiki a daren yau? Bargon da ke faranta maka rai a cikin akwati, wani yaro zai hana shi rawar ɗari.

To, ta ina za a fara? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ga 'yar shawara. Kada a ce za a juye gida duka rana ɗaya, gajiya za ta sa a mayar da komai inda yake. A ɗauki akwati ɗaya, ko lungu ɗaya. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a zazzage. Duk abin da damina biyu da Sallah huɗu suka wuce ba a taɓa shi ba, a yi masa tambaya. Daga nan a kasa kashi huɗu. Na farko, abin da ake amfani da shi da gaske, ya koma ɗaki. Na biyu, mai kyau da za a bayar. Na uku, na sayarwa, domin ba abin kunya ba ne mace ta kira dillaliya ta mai da kulolin da ba ta buɗewa jarin sana'a ko kuɗin littafin yara. Ƙarafa da matattun injuna kuma a kira 'yan gwangwan, babba ya yi cinikin da kansa, kada a saba wa yaro da fitar da ƙarfe daga gida. Na huɗu, abin da ya riga ya mutu, a yi masa sallama.

Wajen bayarwa, a kiyaye mutunci. Mai gudun hijira ba bola ba ne. Rigar da kai ba za ka iya shiga masallaci da ita ba, kada ka ce sadaka ce. A wanke, a ɗinke inda ya farke, a goge, a ninke. A fara da na kusa: dangi, maƙwabta, almajirin da ke yi miki aike. Wanda bai san inda zai kai ba, mai unguwa da limamin unguwa sun san gidan da aka sauke baƙi, malaman Islamiyya sun san yaran da ke zuwa da riga ɗaya. Jihar nan kuma tana da Hukumar Zakka da Wakafi, wadda aka kafa bayan ƙaddamar da Shari'a a 1999, mai kula da marayu da mabuƙata, ana iya neman shawararta. Kuma don Allah a bar waya a aljihu. Ba sai an ɗauki hoton talaka yana karɓar tsohon zanenki an watsa a Facebook ba.

Akwai kuma inda tsintsiya ba ta shiga. Malam, kada ka ji sharhin nan ka faɗa ɗakin matarka ka ce za ka rage mata kaya. Kayan ɗakinta mallakinta ne, Shari'a ta ba ta. Lallashi ne naka, ka kuma fara da janaretanka. Kayan marayu da na gadon da ba a raba ba, amana ne. Takardun fili da na gona da na makaranta, a killace su wuri ɗaya inda ruwa da gara ba su kai. Takardun da ke ɗauke da ayoyi da sunan Allah, ba a haɗa su da shara. A tambayi malami yadda za a yi da su. In kuma ka ci karo da gafakar kakanka da rubutun hannu na ajami ko Larabci, wannan tarihi ne. Garin nan na Gusau da almajirin Shehu Ɗanfodiyo, Malam Sambo Ɗan Ashafa, ya kafa ba zai rasa irin waɗannan a gidajensa ba. A adana su, ko a nemi masana irin na Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Arewa House a Kaduna. Kuma in akwai tasa ɗaya ta mahaifiyarki da kike kallo ki tuna da ita ki yi mata addu'a, riƙe abinki. Wannan tasa tana aiki.

Abu na ƙarshe, a lura da ƙofar shigowa. Banza ne a kwashe ɗaki yau, gobe a sake cika shi. Anko uku a biki ɗaya, wa ya aza mana? Akwatin lefe da ake ƙirgawa a gaban jama'a don a ji adadi, rabin kayan ciki ba za su ga rana ba. Robar rabo da ake cin bashi a saya, wadda za a kai gida a jefa kan 'yan'uwanta, da kuɗinta aka ba amarya ta ja jari, da ya fi. Iyaye mata masu shirya biki, wannan a hannunku yake. In uwa ɗaya mai faɗa-a-ji a unguwa ta ce bikin 'yarta kowa ya zo da abin da yake da shi, gobe wata za ta samu ƙarfin yin haka.

Jama'a masu saurare, manomi ba ya share rumbu don ya tsani hatsi. Yana sharewa ne don ya yarda Wanda Ya ba shi bara zai ba shi bana. Hannun da ya ƙanƙame tsoho, da me zai karɓi sabo? Mun ga waɗanda aka raba da komai cikin dare ɗaya, kuma ba don sun fi mu laifi ba. Mu da aka bar wa zaɓi, mu zaɓa tun zaɓin yana hannunmu.

Ba na roƙon kowa ya kwashe gidansa. Akwati ɗaya nake roƙo. In an idar da sallar isha'i yau, a sauko da wanda ya fi daɗewa a sama, a kaɗe ƙurar, a buɗe. Akwai zane a ciki da wata take jira, kuma gara ma tana jira. A duba wadda za a ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, Ya sa mu ga kaka lafiya.